Registry: Rumbun da Windows ke adana saitunan kwamfuta

Duk lokacin da mai kwamfuta ya sauya hoton da ke fuskar allo, ko ya jona sabuwar firinta, ko ya zaɓi manhajar da za ta riƙa buɗe masa hotuna, akwai inda Windows ke rubuta wannan zaɓi domin kada ya ɓace idan an kashe na'urar. Wurin shi ne Registry, kundi guda wanda ita babbar manhajar da galibin manhajojin da aka ɗora mata suke komawa gare shi.

Kamfanin Microsoft ya fara shigo da shi a Windows 3.1 a shekarar 1992, sannan ya faɗaɗa aikinsa a Windows NT da Windows 95. Kafin nan saituna a warwatse suke cikin ƙananan fayilolin rubutu irin su WIN.INI da SYSTEM.INI, kuma da wuya a ware wa kowa nasa saitin a kwamfutar da mutane da dama ke amfani da ita.

An tsara kundin ne tamkar bishiya mai manyan rassa 5. Reshen HKEY_LOCAL_MACHINE na ɗauke da abin da ya shafi na'urar baki ɗaya, yayin da HKEY_CURRENT_USER ke riƙe da zaɓin wanda ya shiga a lokacin, wanda ake adanawa a fayil ɗin NTUSER.DAT. Shi ya sa ma'aikata biyu za su yi tarayya a kwamfuta ɗaya, kowa ya tarar da tsarinsa yadda ya bar shi.

Sai dai tara komai wuri guda na da nasa haɗarin. Manhajar Regedit, wadda da ita ake gyara kundin, nan take take adana sauyi, ba ta kuma da maɓallin janye kuskure. Goge abu ɗaya ba bisa ƙa'ida ba na iya hana kwamfuta tashi. Masu kutse ma sun san da haka, domin sukan cusa sunan muguwar manhajarsu a sashen Run, ta yadda za ta riƙa farkawa duk sanda aka shiga Windows.

Su kuwa manhajojin da ake tallatawa da sunan share Registry don ƙara sauri, Microsoft ba ya goyon bayan amfani da su, kuma alfanunsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi amfani ga mai gyara shi ne ya kwafe reshen da zai taɓa, ya ajiye a gefe, kafin ya sauya ko da harafi ɗaya.