Labarin Da Ke Ƙarƙashin Gonakinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin sabuwar rijiya a ƙasar Dambatta, ko Bichi, ko Dawakin Tofa, ya ga farkon abin da za mu yi magana a kai. Mai haƙa yakan fara da ƙasar sama, wadda garma take juyawa kowace damina. In ya nitsa kaɗan sai ya shiga jan rairayi. Sau da yawa bayan rairayin akwai tsakuwa ko marmara, sa'an nan ruɓaɓɓen dutse, inda ruwa yake kwanciya. In ya ci gaba sai diga ta ci karo da dutse mai ƙarfi, aiki ya tsaya.

Mu mukan dubi ƙasar da aka fitar mu wuce, don ruwa muke nema. Amma akwai masana waɗanda wannan ƙasar ce abin nemansu. Su ne masu ilmin ƙasa da duwatsu, da abokan aikinsu masu tonon kayan mutanen da. Ƙa'idarsu ta fari kowane manomi ya san ta. Damin da ke gindin rumbu shi aka fara zubawa, na sama shi ne na baya. To, haka ƙasa take. Abin da ke can ƙasa ya riga na sama kwanciya, muddin ba a tona wurin an birkita shi ba. Da wannan ƙa'ida suke bin labarin ƙasarmu daki daki.

Zamanin rairayi

Dutsen da ke ƙarƙashinmu tsoho ne ƙwarai, ya haura shekara miliyan 500. Shi ne yake leƙowa waje a wasu wurare, kamar duwatsun Kazaure. In aka nufi gabas, wajen Gumel da Haɗeja, sai ya nitse can ƙasa, laka da yashi su rufe shi. Amma rairayin da muke nomawa ba nan aka haife shi duka ba. Iska ce ta kawo mafi yawansa.

A shekarar 1958 wani masani Bature mai suna A. T. Grove ya rubuta bayani a kan jigayin ƙasar Hausa. Ya lura, a ƙasa da kuma a hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, cewa tuddan rairayin nan ba a warwatse suke ba. Sun jeru layi layi, kamar kunyoyin gona, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Nan ne kuwa hanyar iskar hunturu. Irin wannan jeri sai a tsakiyar hamada ake ganinsa, inda babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa. Tudun rairayi ba ya tafiya sai inda ruwan sama bai kai rubu'in namu ba.

Watau ke nan akwai zamanin da hamada ta sauko kudu da nisan ɗaruruwan mil, ta mamaye inda muke shuka gero da gyaɗa yanzu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna babban zamanin bushewar nan ya kasance wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka. Da ruwa ya dawo sai ciyawa da itatuwa suka tsiro, saiwa ta kama rairayin, tuddan suka kwanta. Su ne muke kira jigawa, har aka sa wa maƙwabciyarmu Jihar Jigawa wannan suna a 1991.

Zamanin ruwa

Bayan bushewa sai yalwa ta zo. Tsakanin wajen shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce ruwan sama ya yawaita, har Sahara kanta ta yi ciyawa da tafkuna. A ƙasar Agadas har yau akwai zanen raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa a jikin duwatsu, a wurin da yanzu ko akuya sai ta sha wuya.

Tafkin Chadi, inda ruwan kogunanmu na Gari da Tomas da Jakara yake nufa ta hanyar kogin Haɗeja, ya cika ya batse a lokacin. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya duka. Yaya aka sani? Ruwa ya bar shaida. Akwai dogon tudun yashi da tsakuwa da ya bi ta Maiduguri da Bama, shi ne tsohon bakin tafkin.

Ga wata shaida kuma. A shekarar 1987 wani Bafulatani yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani katako a zurfin wajen mita 5. Bai sare shi ya yi makamashi ba, labari ya kai ga hukuma. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka zo, aka fitar da shi a 1994. Ashe kwalekwale ne na icen maɗaci, tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Ba a sami wanda ya girme shi ba a Afirka duka. Ku duba fa, mai neman ruwan shanu ne ya gano shi.

Yadda ake sanin shekaru

Wani zai ce, wa ya ƙidaya waɗannan shekaru? Tambaya ce mai kyau, ga kuwa amsa.

Hanya ta fari ta gawayi ce da ƙashi da icce. Duk abu mai rai yana ɗaukar wani sinadari da ake kira kabon 14, tsiro daga iska, dabba daga abin da ta ci. Ran da ya mutu ya daina ɗauka, wanda ke jikinsa kuma ya fara raguwa. Raguwar tana da ƙa'ida: bayan shekara 5,730 rabi ya tafi, bayan wasu 5,730 rabin sauran ya tafi. In aka auna abin da ya rage, sai a lissafta tsawon lokacin. Wani masani na Amurka, Willard Libby, shi ya fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940. Ba ta faɗin rana ko wata. Takan ce tsakanin shekara kaza da kaza.

Hanya ta biyu ta rairayi ce. Ƙwayar rairayi in tana binne a duhu takan tara wani ƙarfi kaɗan kaɗan daga ƙasar da ke kewaye da ita. Hasken rana kuwa yakan zubar da shi nan da nan. Saboda haka masana sukan kafa bututu a jikin rami su ɗebi rairayi ba tare da ya ga haske ba. A ɗakin bincike sai a auna abin da ya tara, a san rabonsa da rana. Da haka ake sanin lokacin da tudu ya daina tafiya.

Mutanen da suka riga mu

A Birnin Kudu, wadda da take cikin Lardin Kano, akwai zanen shanu a jikin duwatsu, an sanar da duniya labarinsu a shekarun 1950. Shanun ba su da tozo, ba irin na Fulaninmu na yau ba ne. A gonaki kuma akan tsinci wani dutse mai santsi, mai baki kamar gatari, wanda muke kira gatarin aradu. Ba daga sama ya faɗo ba. Mutum ne ya wasa shi ya yi sara da shi, tun ba a san ƙarfe ba.

Sa'an nan sai Dutsen Dala. Kan Dala da na Gwauron Dutse marmara ce mai tama a ciki. A Dala an sami ragowar wurin narka tama, aka auna gawayinsa, ya nuna wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautar Bagauda a shekarar 999. Ashe maƙera suna hura wuta a gindin Dala tun wajen shekara 300 kafin nan. Wannan ya yi daidai da labarin da aka gada na Abagayawa, maƙeran da aka ce sun taso daga Gaya suna neman tama har suka zauna a Dala. Labarin baka da awon masana sun gamu a wuri guda.

Me ya sa suka zaɓi nan? Ƙasa ta ba da amsa. Ga tama ta yin fartanya. Ga itacen ƙirya na gawayi. Ga rafin Jakara da fadamarsa. Ga dutse na hangen abokan gaba. Ga kuma jigawa mai taushi, wadda fartanya take shiga ba wuya. Rairayin da tsohuwar hamada ta bari shi ya zama gonar gero.

Yadda ake gane kufai

Ba sai an je Dala ba. Kusan kowace gunduma tana da kufai. Ga alamominsa. In ka ga kukoki da yawa sun taru a dawa, ba gida kusa, to, ka yi zaton an taɓa zama a nan. In ka ga ƙasa ta yi tozo, ta yi toka toka, tsingaro ya cika ta, tsohon juji ne ko rusasshen gini. In ka ga kududdufi ba gari kusa, daga nan aka ɗebi ƙasar gini. Akwai kuma kashin maƙera, da dutsen niƙa da ya lotsa, da tsofaffin ramukan marina, da sawun ganuwa.

Masana sukan yanka rami mai kusurwa huɗu a irin wannan wuri, su sauka taki taki, suna tankaɗe ƙasa. Ƙonanniyar ƙwayar hatsi tana gaya musu abin da aka ci. Ƙashi yana gaya musu dabbar da aka kiwata. Ƙasar kanta tana nuna ko ambaliya ce ta tashi garin, ko gobara, ko kuwa rijiyoyi ne suka ƙafe.

Ƙasar da hannu ya raya

Rairayi shi kaɗai ba shi da ƙarfi. To, yaya aka yi ƙasar Kano take ɗauke da jama'a masu yawa haka, ana noma gona guda kowace shekara ba hutu? Wani malamin jami'a, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bi wannan tambaya tun daga shekarun 1960. Abin da ya gani shi ne abin da iyayenmu suke yi. Ana ɗaure dabbobi a gida, a ba su harawa, a kai takinsu gona. Jakuna sukan kai itace birni su komo da shara da toka. Ana haɗa gero da dawa da wake a gona guda. Ana barin gawo da ɗorawa da kuka a tsaye.

Akwai kuma wani taimako da ba mu biya ko kwabo. Hazon da yake rufe mu da hunturu, mai yawa daga cikinsa daga wani kwari yake tasowa a ƙasar Chadi, ana kiransa Bodele. Kwarin nan gindin tsohon babban tafkin ne da ya ƙafe. Ƙurarsa tana sauka a gonakinmu kowace shekara, tana ƙara musu ɗan abinci. Tafkin da ya ƙafe tun dubban shekaru har yau yana yi mana aiki.

Abin da ya rage gare mu

Abu na fari: tuddan rairayin nan barci suke yi, ba mutuwa suka yi ba. Saiwa ce take riƙe da su. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yadda iska take kwasar gonar da aka bari tsirara. Babban sauyin ruwan sama ba a hannun manomi yake ba, amma gatari a hannunsa yake. In mun sare gawo ɗaya, mu bar biyu su tashi. Kada mu kwashe kara kakaf daga jigawa da rani.

Abu na biyu: kufai in an birkita shi ya tafi ke nan. Tukunya in an cire ta daga inda take kwance, rabin labarinta ya ɓace, don ba a san abin da ke samanta da na ƙasanta ba. Masu ɗibar yashi, da masu buga bulo, da masu haƙar rijiya, ku ne kuke fara gani. In kun ci karo da tsohuwar tukunya, ko murhun tama, ko ƙasusuwa, ku dakata. Kada ku fasa don neman dukiya, kada ku sayar wa baƙo. Ku gaya wa mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai labari gidan tarihi na Gidan Makama a birnin Kano. Akwai hukumar tarayya mai kula da kayan tarihi, an kafa ta a 1979, wannan aikinta ne. Da mutumin Dufuna ya sa gatari a katakon nan, da ya dafa tuwon kwana biyu, kowa ya yi hasara.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ce ƙasar da ke can ƙasa ta girmi ta sama?
2. Ina rairayin gonakinmu ya fito?
3. Faɗi alamomi uku na kufai.
4. Akwai kufai kusa da garinku? Ku tambayi dattawa sunansa, da dalilin tashinsa.