Barth: Ma'anar Sunan Bajamushen Da Ya Ga Gumel Sau Biyu

A tsakiyar watan Maris na shekarar 1851, sa'ad da zafin bazara ya fara kankama, wani Bature ya shigo birnin Gumel ta hanyar Kano, da shi da 'yan rakiya kaɗan, da ɗan kayan da bai taka kara ya karya ba. Ya biyo ta Garki, ya tsallake iyakar ƙasar Sarkin Kano, ya faɗo ƙasar da ke bin Shehun Barno. Fatake da Larabawan da suka yi tafiya tare da shi duk da Abdulkarim suka san shi, domin sunan da ya zaɓa wa kansa ke nan tun daga Arewacin Afirka. Amma sunan da aka raɗa masa a birnin Hambug na ƙasar Jamus shi ne Heinrich, sunan gidansu kuwa Barth.

A cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ɗaliban tarihi su kan ci karo da wannan suna a littattafai, su wuce ba tare da sun tsaya tambayar ma'anarsa ba. Alhali kuwa ma'anar ba ta da nisa da irin laƙabin da Bahaushe ya saba yi wa mutum.

Gemu Ne Asalinsa

A harshen Jamusanci, kalmar Bart gemu ta ke nufi. Harafin "h" da ke ƙarshen sunan ba a furta shi, tsohuwar ƙa'idar rubutu ce kawai. A shekarar 1901 masana suka yi taro a Balin suka daidaita rubutun Jamusanci, suka fid da wannan "h" daga kalmomin harshen na asali, amma ba su taɓa sunayen mutane ba. Saboda haka mai karatu zai faɗi sunan daidai in ya ce "Bart".

Tun wajen ƙarni na 12 garuruwan Jamus suka fara cika da jama'a, sunan yanka shi kaɗai ya kasa rarrabe mutane, sai aka shiga ƙara wa kowa wata alama. Wani da sana'arsa aka kira shi: Schmidt maƙeri ne, Weber masaƙi, Müller mai niƙa, Fischer masunci. Wani da garinsu, wani kuma da siffar jikinsa. Mutumin da ya tara gemu a zamanin da yawancin maƙwabtansa ke askewa, ba shi da wani suna a bakin 'yan unguwa sai Mai Gemu. Kamar dai yadda a ƙasar Hausa a ke cewa Dogo ko Jatau ne. Bambancin guda ne: a ƙasar Hausa laƙabi ya kan bi mai shi zuwa kushewa, a Jamus kuwa malaman haraji da na coci suka rubuta shi a takarda, ya zama gado, har ɗan da ko gashin baki bai yi ba ya ke amsa Mai Gemu saboda kakan kakansa. Ko sarakunansu ba su tsira ba: wanda ya kafa Jami'ar Tübingen a 1477 har yau da Eberhard Mai Gemu a ke kiransa.

Masana sunaye sun nuna ba kowane Barth ne ya samo sunansa daga gemu ba. Waɗansu gajarta sunan Bartholomäus aka yi, wanda asalinsa daga harshen Aramiyanci ne, ma'anarsa ɗan Talmai. Waɗansu kuma daga Barthold, waɗansu daga wani gari mai suna Barth da ke bakin tekun Baltik. Don haka mutum biyu su na iya amsa sunan ba tare da sun haɗa ko da kaka ba.

Daga Hambug Zuwa Kasuwar Kanwa

An haifi Heinrich Barth ran 16 ga Fabrairu, 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Balin, ya sami digirin dakta a 1844 da bincike a kan cinikayyar tsohon birnin Korinti na Girka, watau tun da fari idonsa a kan kasuwa ya ke. Ya koyi Larabci, ya zagaye bakin Bahar Rum. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauke shi, tare da wani Bajamushe Adolf Overweg, su raka James Richardson zuwa ƙasashen Sudan don neman hanyar ciniki da hana cinikin bayi. Suka tashi daga Tarabulus a watan Maris 1850, suka ƙetare Sahara. Barth ya ratsa Agadas, sa'an nan a Damargu suka rabu a watan Janairu 1851, da nufin su haɗu a Kukawa. Shi ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, zamanin Sarki Usman.

Kano ta burge shi ƙwarai, musamman saƙa da rini, ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30, ya ce su kan kai ninki biyu a lokacin fatauci. Amma zaman bai yi masa daɗi ba, ga zazzaɓi ga bashi. Da ƙyar ya sallami masu binsa ya fito a farkon Maris, aljihu ba nauyi.

A haka ya iso Gumel. A lokacin Muhammadu Ɗan Tanoma ke sarauta, wanda ya hau tun 1828, kuma shi ne ya taso da fada daga Tumbi, wadda yau ta ke cikin Jamhuriyar Nijar, ya dawo da ita Gumel. Masarauta ce da Mangawa suka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, jihadi bai ci ta ba, ta tsaya tsakanin Kano da Haɗeja ta na kai gaisuwa Barno.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙon shi ne kanwa. Ya bayyana cewa Gumel ita ce babbar kasuwar kanwa tsakanin Barno da Muniyo a gefe guda, da ƙasar Nufe a ɗaya gefen, kuma ya gano dalili: Barebari ba safai su kan wuce Gumel da kayansu ba, a nan su ke saukewa, fataken Hausa su ɗauka su yi gaba. Watau garin zango ne inda kaya ke sauya hannu, kuma duk inda kaya ke sauya hannu, fatoma da dillali da mai awo da mai tuwo kowa na da rabonsa. Ya ƙirga rumfuna wajen 300. Ya ce kanwar da ya gani an kasa ba ta gaza kaya 1,000 ba. Har farashi ya rubuta: kayan takarkari guda na kanwa mai kyau wuri 5,000, mangalar jaki ta mai rahusa wuri 500. Wanda ya san amfanin kanwa a tukunya da turken dabba da wajen masu taba ba zai yi mamakin wannan yawa ba.

A Gumel ɗin kuma wani Balarabe ya riske shi da ƙunshin wasiƙu daga Turai da Tarabulus, na farko da ya samu cikin wata goma. A cikin ƙunshin akwai dala biyu ta azurfa. Bisa canjin Kano na wancan zamani, dala guda wuri 2,500 ce, ashe duk dukiyar wakilin Gwamnatin Ingila a ranar ba ta wuce kuɗin kanwar takarkari guda ba. Shi da kansa ya nuna cewa dalolin nan biyu sun fi masa ɗaruruwa a wani lokacin.

Daga nan ya bi ta Machina da Bundi. A hanya ya ji labarin Richardson ya mutu tun ran 4 ga Maris a Ngurutuwa, ya isa Kukawa ran 2 ga Afrilu, shugabancin tafiyar ya faɗo kansa.

Komowa

Shekara uku da wata takwas suka wuce kafin ya sake ganin Gumel. A tsakani ya je Yola ya ga kogin Binuwai, ya binne Overweg a bakin tafkin Chadi a 1852, ya gaida Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya karanta Tarihus Sudan a Gwandu, ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba na wannan shekara, inda ba don Shehu Ahmadul Bakka'i ya tsaya masa ba da bai fito da rai ba.

Da ya komo ta Kano a ƙarshen 1854, ya taso zuwa Gumel cikin watan Nuwamba, sai ya tarar da gari ya sauya kama. Ɗan Tanoma ya rasu, 'yan gidan sarauta sun yi ta gwabzawa a kan gado, ga Barno kanta ta sha nata rikicin tsakanin Shehu Umar da ƙanensa Abdurrahman. Garin da ya bari cike da fatake ya same shi jama'a sun watse, gidan sarki ya sha wasoso da wuta, Ceri ne ke riƙe da mulki a cikin abin da ya saura. Rigimar cikin gida ce ta jawo wannan ɓarna. Shafukan nan biyu, na 1851 da na 1854, in aka ajiye su gefe da gefe, sun fi dogon wa'azi nuna yadda kasuwa ke saurin gudu daga garin da babu zaman lafiya. Darajarsu ita ce mutum ɗaya ne ya ga hali biyun da idonsa, ya kuma rubuta kwanan wata.

'Yan kwanaki bayan haka, ran 1 ga Disamba, a tsakiyar daji kusa da Bundi, ya yi kiciɓis da wani Bature a kan doki. Eduard Vogel ne, wanda aka aiko daga Turai ya tallafa masa, ya kuwa riga ya ji labarin wai Barth ya mutu. Sunan Vogel ma'anarsa tsuntsu. Mai Gemu da Tsuntsu suka sauka suka sha gahawa, suka yi hira ta wajen sa'a biyu, kowa ya kama hanyarsa. Vogel bai koma gida ba, an kashe shi a Wadai a 1856.

Barth ya isa Landan a watan Satumba 1855, tare da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya rubuta labarai masu yawa na littafin Magana Hausa, kuma a Kano Dorugu ya rasu a 1912. Barth ya buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci, sa'an nan ya fitar da littattafan kalmomin Hausa da Barbarci da Fillanci da waɗansu harsuna. Ya mutu a Balin ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Ba za a wanke shi tas ba. Aikin Gwamnatin Ingila ya zo yi, ya bi rundunar Barno zuwa harin bayi a ƙasar Musgu ko da ya ke ya bayyana munin abin da ya gani, kuma taswirorinsa sun yi wa 'yan mulkin mallaka amfani bayan shekara hamsin. Amma ya zauna da malamai ya saurara, ya karanta littattafansu, ya yarda cewa mutanen ƙasashen nan su na da tarihi rubutacce a zamanin da yawancin Turawa ke musun haka.

Sauran Masu Sunan

Heinrich bai yi aure ba, saboda haka sauran shahararrun masu wannan suna ba zuriyarsa ba ne. Akwai Karl Barth, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1886 zuwa 1968, babban malamin tauhidin Kirista. Yana koyarwa a Jami'ar Bonn aka nemi ma'aikata su yi wa Hitila rantsuwar biyayya ba sharaɗi, ya ƙi, aka raba shi da aikinsa a 1935 ya koma garinsu. Akwai John Barth na Amurka, marubucin ƙagaggun labarai da ya mutu a 2024, wanda ya shaƙu da Dare Dubu Da Ɗaya har ya gina waɗansu labaransa a kai.

Wanda aikinsa ya fi kusa da sha'anin Gumel, ko da ya ke ba a kanta ya yi shi ba, shi ne Fredrik Barth, masanin al'adun ɗan Adam na ƙasar Norwe, wanda aka haifa a Leipzig a 1928 ya mutu a 2016. A littafin da ya shirya a 1969 kan ƙabilu da iyakokinsu, ya kawo ra'ayin cewa ba harshe ko sutura ke riƙe ƙabila ba, iyakar da mutane ke shatawa tsakaninsu da maƙwabta ce ke riƙe ta, kuma mutum na iya tsallake iyakar ita kuwa ta na nan. Bagumele ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Sarautar garinsu ta Mangawa ce, harshensu Hausa, biyayyarsu a da ta Barno ce, tsohuwar fadarsu kuma ta na bayan iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Kowace Alhamis a kasuwar dabbobi ta Maigatari, Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Buzu su kan yi ciniki a kara ɗaya da harshe ɗaya, kowa kuma ya san ko shi wane ne.

A Hambug akwai titi mai sunan Heinrich Barth, a Kolon akwai cibiyar binciken tarihin Afirka mai sunansa, a Agadas da Tambutu kuma har yanzu a na nuna wa baƙi gidajen da ya sauka. Ɗalibin Gumel da ke son ya ga garinsu a rubuce sai ya nemi juzu'i na biyu don kasuwar kanwa, juzu'i na biyar don shekarar rikici. In biyar ɗin sun yi masa wuyar samu, A. H. M. Kirk-Greene ya tsamo sassan da suka shafi Nijeriya ya tara su a littafi guda a 1962. Abin lura kawai shi ne Barth da "m" biyu ya rubuta sunan garin, watau Gummel, Ceri kuwa ya rubuta shi Sheri.