Streets of Rage: Abin da ya sa wasan Sega na 1991 ya ƙi fita daga zukata

A ranar 30 ga Afrilun 2020 aka fitar da Streets of Rage 4, shekara 26 bayan fitowar kashi na uku. Kafin cikar shekara guda an sayar da kwafi fiye da miliyan biyu da rabi. Mutanen da suka buga na farko suna yara, a yau magidanta ne masu ofis da shago, amma suka koma masa da marmari. Dalilin wannan kewa yana cikin yadda aka gina wasan tun asali.

Kamfanin Sega na Japan ne ya fitar da Streets of Rage a 1991 don na'urarsa ta Mega Drive, wadda ake kira Genesis a Amurka. A Japan sunan wasan Bare Knuckle. Tsarinsa ba shi da wuya: ɗan wasa yana tafiya daga hagu zuwa dama a kan titi, 'yan daba suna fitowa rukuni-rukuni, kuma allon ba zai matsa gaba ba sai an gama da su. A ƙarshen kowane mataki akwai wani ƙato da ke jira. Double Dragon na 1987 da Final Fight na kamfanin Capcom na 1989 su suka share wannan hanya.

Sai dai lokacin da aka kai Final Fight kan na'urar Nintendo ta gida a 1990, an cire damar mutum biyu su buga tare. Nan Sega ya samu ƙofa, domin nasa wasan yana ɗaukar mutum biyu a allo ɗaya.

Labarin ma gajere ne. Wata ƙungiyar masu laifi ƙarƙashin Mr. X ta saye hukumomin birni har da 'yan sanda. Jami'ai uku, Axel Stone da Blaze Fielding da Adam Hunter, suka ajiye aiki suka shiga titi da hannu. Idan abu ya yi tsanani, maɓalli ɗaya yana kiran motar wani abokin aikinsu mai gaskiya ya yi luguden wuta daga nesa. A kashi na biyu, na Disamban 1992, wanda galibi ake ɗauka shi ne gwarzon jerin, an sace Adam, sai ƙanensa Skate da ɗan kokawa Max Thunder suka shigo neman ceto shi.

Abin da ya ɗaure zukata shi ne ƙarancin abin da wasan ke bayarwa. Ƙarfin ɗan wasa ba ya dawowa sai ya fasa wani abu a gefen titi ya samu tuffa ko gasasshiyar kaza. Idan kaza ɗaya ce, dole abokai biyu su duba wanda ya fi jigata su bar masa. Naushin da aka kai wa maƙiyi yana iya sauka a kan aboki. Kaset ɗin ba ya ajiye inda aka tsaya, saboda haka duk wanda ya taɓa zama a gidan gem aka ɗauke wuta ana dab da Mr. X ya san cewa sai dai a koma mataki na farko. A ƙarshen kashi na farko, Mr. X yana tayin a shiga ƙungiyarsa. Idan ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi, sai abokan biyu su gwabza da juna. Wasan yana gwada amana kamar yadda yake gwada saurin yatsu.

Akwai kuma kiɗa. Yuzo Koshiro ya tsara shi a kan kwamfutar PC-8801, yana ɗauko salo daga gidajen rawa na Tokyo. Sunansa yana bayyana a allon buɗe wasan, abin da ba a saba yi wa mawaƙan gem ba a wancan zamani.

Nasarar Street Fighter II a 1991 ta karkata kasuwa zuwa faɗan mutum da mutum, sannan na'urori irin su PlayStation suka kawo hotuna masu zurfi. Bayan kashi na uku a 1994 jerin ya yi shiru, Sega kuma ya daina ƙera na'urori a 2001.

Waɗanda suka farfaɗo da shi ba Sega ba ne. Kamfanonin Dotemu da Lizardcube na Faransa da Guard Crush Games na Kanada suka karɓi izini, suka zana komai da hannu, Koshiro ya ba da gudummawar kiɗa. Labarin ya matsa shekara goma: Axel ya tara gemu, 'yar Adam mai suna Cherry ta shigo fage, 'ya'yan Mr. X sun gaji mahaifinsu. Ta intanet mutum biyu ne ke iya haɗuwa, amma a ɗaki ɗaya har mutum huɗu. Magidancin da ya bar wa abokinsa kaza a shekarun 1990 yana iya zama da 'ya'yansa uku a gaban talabijin ɗaya, ya ga wanda zai bar wa ɗan'uwansa.