Sau Bakwai Aka Ce: Biyayya Da Warkarwa

Yawancinmu mun san labarin Na'aman tun muna makarantar Lahadi. Yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5. Na'aman shugaban sojojin ƙasar Suriya ne, jarumi, mai daraja a gaban sarkinsa, amma kuturu ne. Wata ƙaramar yarinya da aka kamo daga ƙasar Isra'ila, tana yi wa matarsa hidima, ita ce ta ba da labari cewa akwai annabi a Samariya wanda zai iya warkar da shi.

Na'aman ya kama hanya da talanti 10 na azurfa, da shekel 6,000 na zinariya, da tufafin ado guda 10. Da ya isa ƙofar gidan annabi Elisha, annabin bai ko fito ba. Manzo ya aiko masa da saƙo cewa ya je ya yi wanka a Kogin Urdun sau bakwai. Na'aman ya husata. A ganinsa kogunan Dimashƙu, wato Abana da Farfar, sun fi Urdun nesa ba kusa ba. Ya juya zai koma gida da cutarsa. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana. Barorinsa ne suka lallashe shi, suka tuna masa cewa da abu mai wuya aka sa shi, ai da ya yi. Sai ya gangara ya nutsa sau bakwai, fatarsa kuwa ta koma kamar ta ƙaramin yaro.

Bari mu lura da kyau. Babu wani magani a cikin ruwan Urdun. Allah ne ya warkar, amma ya sa warkarwar a ƙarshen hanyar biyayya. Da Na'aman ya tsaya a kan na shida ya ce ya gaji, da ya koma Suriya yadda ya zo. Haka kuma kutare goma da muke karantawa a Luka sura 17. Yesu ya ce su je su nuna kansu ga firistoci, suna cikin tafiya ne suka tsarkaka. Sun ɗaga ƙafa tun ba su ga canji a jikinsu ba. Wannan ita ce bangaskiya: a ji maganar Allah, a tashi a aikata.

Wannan darasi bai tsaya a zamanin annabawa ba. A shekarar 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta. Ashe ba gado ba ce, ba kuwa la'ana ba. A ƙasarmu, 'yan mishan sun buɗe wurin kula da kutare a Garkida a 1929, a shekarun 1930 kuma suka karɓi irin wannan aiki a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1981 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar haɗa magunguna don kashe ƙwayar cutar, daga 1995 kuma ake ba da su kyauta. Mai ƙaramin ciwo yakan sha wata 6, wanda ciwon ya yi yawa a jikinsa wata 12.

To, a nan ne muke sake gamuwa da Na'aman. Wani yakan fara shan magani, bayan wata biyu ya ga tabon ya dushe, sai ya daina. Wani kuma yakan bari don ɗaya daga cikin magungunan yana sa fata ta yi duhu na ɗan lokaci, yana jin kunyar idon mutane. Wani yakan ga farin tabo a jikinsa wanda ba ya jin taɓi, ya ɓoye shi har cutar ta lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Duk waɗannan sun tsaya a kan na shida ne.

Saboda haka kada wani ya ruɗe mu cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Manzo Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Annabi Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, ya kuwa warke. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta umarce mu mu kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a. Mu kira su, mu kuma kai shi asibiti. Allahn da yake jin addu'a shi ne ya ba likita sani.

Sai dai mu yi hattara da abu guda. Biyayya ba ciniki ba ce da Allah. Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga hannun Na'aman, domin alherin Allah ba na sayarwa ba ne. Ba kowane ciwo ne sakamakon zunubi ba, Yesu ya bayyana wannan game da mutumin da aka haifa makaho a Yahaya sura 9. Bulus ma ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin da zai ishe shi jimrewa. Kada mu ɗora wa marar lafiya laifi a kan ciwonsa, kada kuma mu guje shi.

Na'aman ya tafi neman lafiyar fata, ya dawo da sabuwar zuciya, yana shaida cewa ba zai ƙara miƙa wa wani allah hadaya ba sai Ubangiji. Ɗalibanmu, musamman ku da kuke gama makaranta, ku tuna da yarinyar nan baiwa. Ba ta da muƙami, ko sunanta ba a rubuta ba, amma ta san inda taimako yake, ta kuwa faɗa. In kun koma garuruwanku kuka ga mai irin wannan tabo, ku nuna masa hanyar asibiti, ku yi addu'a tare da shi, ku ƙarfafa shi ya sha maganinsa har ƙarshe. Ubangiji ya ba mu zuciyar biyayya. Amin.