Shuɗin da masu zane ke tatsowa daga dutsen Afganistan

Duk wanda ya tsaya gaban zanen yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u a gidan tarihi na Mauritshuis da ke birnin Hague, ɗankwalinta ne ke fara jan idonsa. Johannes Vermeer ya zana ta wajen 1665, kuma shuɗin ɗankwalin daga dutsen lapis lazuli ya fito, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakhshan na Afganistan.

Niƙa dutsen kaɗai ba ya isa, garin kan fito fari-fari kamar toka. Cennino Cennini, mai zane ɗan Italiya, ya rubuta dabarar wajen 1400: a kwaɓa garin da kakin zuma da ƙaron itace, a bar curin ya kwana uku, sannan a riƙa murza shi cikin ruwan toka. Tatsar farko ita ce mai kyau, ta ƙarshe kusan dusa ce. A da, tsadarsa kan kai ta zinare.

A 1828 Bafaranshe Jean-Baptiste Guimet ya ci kyautar faran 6,000 saboda ya haɗa irinsa a masana'anta, farashi ya faɗi warwas.

Amma har yau akwai ƙwararrun da ke sayen na dutse. Ƙwayoyinsa manya ne, ba su daidaita ba, don haka idan aka kwaɓa da man linsid aka shafa siriri a kan busasshen farin fenti, haske kan ratsa ya dawo. Wanda ya lafta shi da kauri ya yi asarar kuɗinsa, domin launin kan yi duhu.