Ciwon dajin hanta: abin da ya kamata ku sani

A cikin cututtukan daji da ke kama kayan ciki, wato maƙoshi da tumbi da hanji da hanta, na hanta yana sahun gaba wajen kisa a Afirka ta Yamma. Yawanci magidanta yake ɗauka, da dama ba su kai shekara 50 ba. Mutum zai rame, idonsa ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ciki ya kumbura da ruwa. Wasu su ce sammu ne, a yi ta jiƙe-jiƙe. Kafin a kai shi asibiti, ciwon ya riga ya ci hantar.

Manyan tushensa biyu ne, kuma duka ana iya tare su. Na farko ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, galibinsu ba su sani ba. Jaririn da ya kamu a wurin haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar tana zama a jikinsa har girma, tana ɓarna a ɓoye. Yaro kan ɗauka kuma ta askar wanzami da aka yi wa wani kaciya ko tsaga da ita ba a tsabtace ba.

Rigakafinta allura ce mai araha, amma sai an yi wa jariri ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Gambiya ta fara aikin tun 1986, Najeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004. Matsalarmu a Arewa ita ce yawancin mata a gida suke haihuwa, hannun ungozoma, kuma ba a fita da jinjiri sai bayan suna. Ranar bakwai kuwa lokaci mafi amfani ya wuce. A ganina, duk tsarin gwamnati da bai kai allurar nan cikin ɗakin mai jego ba, bai taɓa tushen ciwon ba. Ya kamata a gwada kowace mai ciki a wurin awo, wadda ƙwayar ta yi yawa a jininta a ba ta maganin tenofovir don kare ɗanta.

Tushe na biyu yana cikin rumbu. Gyada da masarar da aka adana da danshi suna yin funfuna mai fitar da gubar aflatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma sau da yawa gyadar da aka tsince aka ware saboda ɗaci ita ake niƙawa a yi ƙuli-ƙuli. Idan gubar ta haɗu da cutar B a jiki ɗaya, haɗarin yana ninkawa sosai. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar.

Masar ta nuna yaƙi da cutar hanta yana yiwuwa: daga 2018 ta gwada mutane sama da miliyan 50 kan wani nau'in cutar, wato C, ta ba masu ɗauke da ita magani kyauta. A Najeriya kuwa, asusun tallafa wa masu ciwon daji da aka fara a 2021 ya soma ne da na mama da bakin mahaifa da na mafitsarar maza, mai ciwon hanta bai shiga ciki ba.