Ruwan Haidirojin: Magani Ne Ko Talla?

Masu karatu, akwai wata iska da ake kira haidirojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kama wuta. A 1987 masu haƙar rijiya a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali sun ci karo da ita, har wuta ta tashi daga ramin.

A 2007 wasu masana a Japan, ƙarƙashin jagorancin Shigeo Ohta, suka toshe wa ɓeraye jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, sannan suka shaƙa musu wannan iska. Ɓarnar da ƙwaƙwalwar ta yi ta ragu. Daga nan 'yan kasuwa suka shiga sayar da ruwan da aka ɗura wa iskar, wai yana maganin hawan jini da ciwon sukari.

To, amma ɓera ba mutum ba ne. Gwaje-gwajen da aka yi wa mutane ƙanana ne, ba su isa hujja ba tukuna. Kuma da an buɗe kwalba, iskar sai ta fara ficewa.

Mai hawan jini, ko a Yamai kake ko a karkara, kada ka bar ƙwayoyin da likita ya rubuta maka saboda wannan ruwa mai tsada. Rage gishiri, ka riƙa zuwa awo.